Tantabarun Kan Soro da Dutsen Niƙan Inna

Tun ranar da na dawo daga Amurka kun hana ni sakat. In na shiga ɗakin haihuwa, "Asabe, yaya can ɗin?" In na fito shan shayi, "Asabe, wai da gaske gidajensu sun tokari gajimare?" Rannan har wata mai naƙuda, tana fama da kanta, ta ɗago kai ta ce, "Sista, ke ce wadda ta je Amurka?" To, na gaji da ba da shi gutsi-gutsi. Ga shi nan gaba ɗaya, wadda ta sake tambayata sai ta saya mini goro.

Kun san asibiti ne ya tura ni kos na wata biyu a New York, kan kula da bakwaini. Abin da ba ku sani ba, da aike biyu na tafi, kuma na biyun ya fi na gwamnati nauyi.

Yayana Habu shekararsa biyar a can yana karatun haɗa magunguna. Shi ne ɗan farin Innarmu, saboda haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "wancan". Ana yaye shi aka miƙa shi gidan kakarmu, katanga ɗaya ce tsakaninmu, can ya girma. To wata uku kafin tafiyata, wani ɗalibi ya dawo Funtuwa hutu da hoto a aljihu, ga shi bakinsa ba linzami. A hoton ga Yaya Habu a tsakiyar wasu ƙarti masu gashi har kafaɗa, kowa rungume da jita, shi kuwa ga ƙwarya kife a gabansa. Jikan liman da kiɗa! Kiɗan ma na ƙwarya, irin na matan biki! Kafin la'asar hoton ya gama zaga unguwa.

Da na je yin sallama, na tarar da Inna tana kaɗi. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ki duba mini da idonki," in ji ta. "In ƙarya ce, ki dawo ki faɗa kowa ya ji. In gaskiya ce, ki gaya wa wancan kada ya sake tako mini ƙofar gida. Kuma na san ki, Asabe, in kina ƙarya hancinki motsi yake yi."

Na yi mata sallama na tashi. Har na kai zaure ta kira ni, ta miƙo mini ƙunshi biyu, ɗaya daddawa, ɗaya kilishi. Ta ce, "Ko za ki tarar da wani mai buƙata a can." Na karɓa, don na san mai buƙatar.

Daga Funtuwa zuwa Kano motar haya na shiga, tayarta ta fashe kusa da Gwarzo, muka zauna a gindin tsamiya awa biyu direba yana rantsuwa jiya-jiyan nan ya saye ta. Daga Kano jirgi ya kai mu Landan, daga nan wani ya ɗauke mu, muka yi ta tafiya a kan ruwa har na fara tunanin direban ya ɓata hanya. Rana kuma ta ƙi faɗuwa. Na duba agogona lokacin isha ya yi, na leƙa taga rana tsaka. Na ce to, Allah Ka ga niyyata.

A filin jirgin New York na faɗa hannun wani ɗan kwastan, jibgege, fuskarsa ja kamar gauta. Ya kwance ƙunshin daddawa, ya ja da baya taku biyu, ya toshe hanci.

"Madam, wannan mene ne, kuma yaushe ya mutu?"

Na ce ba abin da ya mutu, 'ya'yan itace ne, da shi muke miya. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shaƙa, ya yi tari. Kilishin da ke ƙamshi suka riƙe, wai ba a shiga da nama. Daddawar kuwa suka turo mini da bakin alƙalami, suna cewa ɗauki, ɗauki, Allah ya kiyaye hanya. Kilishin nan har yau yana raina.

Masaukina gidan Hajiya Mariyama ne, 'yar Maraɗi, mijinta yana aiki a ofishin jakadancin ƙasarsu. Tana buɗe ƙofa ta ce, "Bon, ke ce 'yar Huntuwa? Kin taho lahiya, ɗiyata?" Wallahi sai na ji kamar na sauke dutse daga kaina. Gidan a Morris Heights yake, hawa na shida, lif ɗin kuwa ranar da ya ga dama yake aiki. 'Ya'yanta suna jin Hausa sarai, amma ka ce musu "ina kwana" su amsa maka da Turanci. Nama a shagon Yahudawa take saye, don su ma ba sa cin alade kuma yanka suke yi. Kajinsu manya-manya kamar talo-talo, amma ka tauna ka rasa abin da kake taunawa.

Ranar da na fara zuwa asibiti, na shiga jirgin ƙasa mai lamba huɗu, na tarar da tarago cike da mutane, na gaishe su gaba ɗaya da ƙarfi kamar yadda aka koya mini a gida. Ba wanda ya amsa. Wata mata ma ta ƙara ƙanƙame jakarta. Sai wani tsoho baƙar fata can a lungu ya ɗaga hularsa, ya ce rabonsa da jin an gaida tarago guda tun uwarsa na raye. Mutanen nan ba miyagu ba ne, sauri ne ya cinye musu gaisuwa.

Ranar Asabar ta farko Yaya Habu ya zo. Ya rame, gashi ya taru a kansa kamar kwando, amma dariyarsa tana nan. Ni kuwa na kwana uku ina shirya faɗan da zan yi masa, sai da ya zauna na tuna ni ƙanwa ce. Ta ina ƙanwa take fara yi wa yayanta faɗa? Na rasa abin yi, na miƙa masa daddawa. Ya kwance, ya shaƙa, ya tashi ya tafi bakin taga ya daɗe yana kallon titi.

"Me ta ce?" ya tambaya, bai juyo ba.

Na faɗa masa kalma-kalma. Sannan na ce, "Yaya, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne. Karatu yana nan, saura shekara guda. Amma ƙwarya ina bugawa, ba zan sa ki yi ƙarya ba."

Na ce, "To ka kashe ni, ka kashe kanka. Me zan je in ce mata?"

Ya ce kafin in yanke hukunci in zo in ga mutanen tukuna.

Ni a zatona gidan mashaya zai kai ni. Sai ga mu a Morrisania, a kicin ɗin wata tsohuwa 'yar asalin Italiya, Mama Roza, uwar Toni shugaban ƙungiyar. Jama'a, na ga abin mamaki! Tonin nan ɗan farinta ne, ya haura talatin, gemu har ƙirji, amma ta kama kumatunsa ta sumbace shi a gaban baƙi, kuma a minti guda sai ta kira sunansa sau biyar. Ni na ji kunyar a madadinta, na yi ta kallon tukunya. Ta zuba mini taliya tuli guda, ta ce na rame, alhali ba ta taɓa ganina ba.

Ita ta ba ni tarihin ƙungiyar, don duk yana manne a bangon kicin ɗinta. Ta ce ba sai na karanta komai ba, in dubi gashin kansu kawai.

A hoton farko samari huɗu ne cikin kwat iri ɗaya, gashi ya sha mai, an kwantar da shi luf. Biyu farare, biyu baƙaƙe, duk 'yan layi ɗaya. A farkon shekarun sittin ke nan. Ba su da ganga, ba su da jita, baki kawai: ɗaya ya yi ƙasa da murya kamar bijimin sa, biyu su riƙe tsakiya, ɗaya ya haye sama. A matakalar bene suke koyo don murya tana amsa-kuwwa a wurin, in maƙwabta suka kore su sai su haye soro wurin kejin tantabarun baban Toni. Daga nan suka sami suna, wanda in na mayar da shi Hausa shi ne Tantabarun Kan Soro. Waƙoƙinsu duk na 'yan mata ne, minti biyu an gama, ana gayyatarsu biki a ba su abinci.

A hoto na biyu gashi ya rufe goshi. Mama Roza ta ce wasu samari ne suka ƙetaro daga Ingila da jita mai lantarki, gari ya ruɗe, aka wayi gari ba mai son waƙar baki zalla. Tantabaru suka ga in ba su bi ba za a bar su a tasha. Toni ya koyi jita a wata uku, Kalbin mai muryar bijimin nan ya ɗauki babbar jita mai gurnani, suka nemo mai ganguna. Ta ce shekara guda ba ta ji ƙarar ƙararrawar ƙofarta ba.

Sai ta nuna mini hoto na uku. Mutum huɗun farko sun koma uku. Mai siririyar muryar nan, ƙanen Kalbin, an ɗauke shi soja aka kai shi yaƙi can gabashin duniya, bai dawo ba. Kalbin yana zaune tare da mu, ya ajiye cokali ya ce, "Daga nan muka kasa yin waƙar minti biyu, 'yar'uwa. In muka fara ba ma sanin inda za mu tsaya." Gashi ya sauko kafaɗa, kwat ta tafi, riguna suka zama masu furanni kamar zanen gado. Waƙa ɗaya sai ta ci minti ashirin, jita tana kuka, ba wanda ke rawa, kowa ya zauna a ƙasa ya rufe ido. Har suna suka canza, suka koma Shuɗiyar Kabewa.

Na ce, "Kabewa kuma? Shuɗiya?"

Mama Roza ta ɗaga hannu sama ta ce ita ma har gobe ba a ba ta dalili ba.

Bayan wannan, in ji Toni, sai suka shiga zamanin ƙara. Kowace ƙungiya tana gasar wa ya fi tara lasifika, su ma suka tara har ta kai rufi. Ƙara ta yi yawa, masu sauraro suka ragu. Ya ce akwai ranar da suka yi wasa, mutanen da ke kan dandamali sun fi na ƙasa yawa. Suka yanke shawarar in shekara ta ƙare kowa ya kama gabansa.

Ana cikin haka wata Lahadi suna gwaji a ɗakin ƙasa, sai ga wani ɗan Afirka da ke haya a gidan ya sauko daga bene da littafi a hannu, ransa a ɓace, ya ce gobe yana da jarrabawa, su ji tsoron Allah. Yaya Habu ke nan. Har ya juya zai fita, sai ya tsaya ya ce wa mai gangunan, "Kuma kai dukan ganga kake yi, ba kiɗa ba. Ba ka barin ta ta numfasa." Mai ganguna ya ji haushi ya ce to ya nuna masa. Yaya ya ajiye littafi ya ƙwanƙwasa musu a kan tebur: gaba a ja, baya a saki, gaba a ja, baya a saki. Kalbin ya bi shi da jitarsa. Toni ya ce rabonsu da su kalli juna su yi dariya a tsakiyar kiɗa tun ƙanen Kalbin yana nan. Mako na zagayowa suka je Harlem, titi na ɗari da ashirin da biyar, suka sayo ƙwarya a shagon da ake sayar da ita don ado a bango. Suka rage lasifika, suka jefar da Kabewa, suka koma Tantabaru. Hoto na huɗu shi ne wanda ya tayar da ƙura a Funtuwa.

Na ji tausayinsu, ban ɓoye ba. Amma tausayi ba zai hana hancina motsi a gaban Inna ba.

Lahadi da la'asar suna da wasa a wani filin shaƙatawa, Yaya ya roƙe ni in zo. Na ɗaura ɗankwalina, na tafi da niyyar in tsaya can baya in haɗe rai, in tara abin da zan faɗa. Mutane sun cika fili, da tsofaffi da masu goyo. Suka fara da tsohuwar waƙarsu ta baki zalla, suka bar gurbin siririyar muryar ba wanda ya cike. Suka yi wata ta zamanin jita. Duk ina tsaye hannu a ƙirji.

Sai Toni ya shiga goga wayoyin jitarsa da gefen hannu, gurr, shii, gurr, shii. Na ce a raina, ikon Allah, wannan ai niƙa ne. Ƙwarya ta shigo. Kalbin ya yi baiti biyu da Turanci. Sannan Yaya Habu ya matso da bakinsa kusa da abin magana, ya rera da Hausa:

Dutse, ci gero, ka bar mini zance,
Ina da wani a bayan katanga,
Ban kira ba, ban manta ba.

Waƙar niƙan Inna! Wadda na tashi ina ji kowace safiya ina tara mata gari a faifai. Ban san lokacin da na kama hanci na rangaɗa guɗa ba, irin wadda ake ji daga wannan unguwa zuwa waccan. Wata mata ta ɗauka ciwo ne ya kama ni. Ni kuwa ina! Na kutsa cikin mutane, na haye dandamali, na kwance bakin zane na ciro takardar dala na manna wa Toni a goshi. Mai gadin wurin ya taso a guje ya riƙe mini hannu, yana zaton wani abu zan yi masa. Yaya ya saki ƙwarya yana ihu, "Ƙanwata ce! Yabo ne! Haka ake yi a garinmu!" Toni kuwa ya ƙi cirewa, ya ƙarasa waƙar da dala a goshi. Kafin a tashi, Mama Roza ta hau ta manna wa kowa, har mai gadin.

Ni da aka aiko in tsawatar, ni ce na yi liƙi. Kura ta zo gaban shari'a ta tarar da kanta a cikin masu laifi.

A kan hanyar komawa na ce, "Yaya, don Allah me ya kai ka ɗauko waƙar Inna?"

Ya ce, "Ta katanga nake jin ta, Asabe, kullum da safe, ina gidan kaka. Ni a zatona waƙa ce kawai. Sai da na zo garin nan, sanyi ya rufe ni a ɗaki ni kaɗai, ina rera ta, sannan na tsaya na ce, wai wane ne a bayan katangar?" Ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. Nawa ma ya kawo, muka yi ta kallon taga kamar akwai abin gani.

Saura mako guda in taho, Toni ya aiko wai za su ɗauki waƙar a na'ura kuma ba ta cika sai da "kukan nan na 'yar'uwa". Na ce ba kuka ba ne, guɗa ce, kuma ba na yi. Aka yi ta lallashi, Mama Roza ta haɗa da taliya. Na shiga wani ɗaki mai bango kamar katifa, aka ɗora mini wani abu a kunne, na yi guɗa sau bakwai kafin mai na'ura ya gamsu. Suka ba ni kaset guda in taho da shi.

Da na iso Funtuwa na yi wanka na ci tuwo, na ƙi haɗa ido da kowa. Inna ta bari sai da 'yan sannu da zuwa suka watse, ta jawo mazarinta ta zauna.

"To?"

Na ce, "Inna, gaskiya ne. Karatu yana yi, saura shekara. Amma ƙwarya yana bugawa, na gani da idona."

Mazari bai tsaya ba. Ta ce, "Kin isar da saƙona?"

"Na isar. Amma ki ji abin da yake bugawa, sannan in rubuta masa duk abin da kika ce."

Ta ci gaba da kaɗinta. Na ɗauko rikoda na danna. Gurr, shii, gurr, shii. Ta juya mini baya. Da muryar Yaya ta fito, mazarin ya tsaya cak, zaren ya tsinke, ba ta ɗaura ba. Can sai ga guɗa ta tsaga ɗakin.

"Wannan kuma ta wace ce?"

Na ce, "Wata ce a can."

Ta waiwayo ta dubi hancina. Ta ce, "Za mu gamu da ke. Mayar da shi baya."

Na mayar. Sau uku tana sa ni ina mayarwa. A na ukun ta goge fuska da gefen mayafi, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ko wuta ba a hura ba.

"A ina ya ji ta?"

"Ta katanga, in ji shi."

Sannan ta ɗauki zaren ta ɗaura, ta ce, "Sun yi gaggawa. Wanda ya yi niƙa da wannan saurin tsaki zai fitar, ba gari ba. Wancan bai iya ba."

Na yi maza na ce, "To Inna, ki rera daidai in ɗauka a kaset in aika masa."

Ta harare ni kamar na zubar mata da miya.

"Ke dai ba ki da wayo. Ana koyon niƙa ta gidan waya ne? Rubuta masa, in ya gama karatun ya zo."